Tukunyar da Ta Daina Huci

Ranar Litinin da safe aka tarar an ɓalle kwaɗon ɗakin wanke kayan aiki na asibitin unguwa, an kuma datse wayar injin da ake turara almakasai da allurorin ɗinki a cikinsa. Ba a ɗauki ko tsinke ba. Kafin ƙarfe tara duk layin ya san wadda ta yi, ko da yake babu wanda ya gan ta tana yi.

Ni sai goma saura na iso. Aikina a hukumar kula da asibitoci shi ne in bi ciwo har inda ya fito. In aka samu mutum uku daga wuri ɗaya da ciwo iri ɗaya, ni ake turawa, shi ya sa a ofis suke ce mini Mai Bin Sawu, rabi yabo rabi tsiya. Wannan karon ma uku ne. Wata mai kitso da aka ɗinke wa ƙafa, da wani tsoho da aka tsaga wa maruru a wuya, dukansu wurin ya kumbura ya tara mugunya. Na ukun shi ne Kafinta. Zarto ya tsaga masa tafin hannun dama, ya zo da ƙafarsa aka yi masa ɗinki shida, har yana tsokanar masu ɗinkin wai shi ya fi su iya haɗa abu. Juma'ar da ta wuce, a babban asibiti, aka yanke hannun.

Mutane sun yi cincirindo a bakin ƙofa, kowa ya zama alƙali.

"Ai dama ta ce sai sun gani," in ji wani mai faci.

"Wa ya ji ta faɗa?" na tambaye shi.

"Kowa ma ya ji."

"Kai ka ji?"

"Ni dai matata ta ji a bakin wadda ta ji."

Wadda suke nufi Mai Tsumma ce, wata dattijuwa da ta yi shekara goma sha ɗaya tana wanke kayan aikin asibitin, kullum da tsumma a kafaɗa har ya zame mata suna. Wata guda da ya wuce ta yi cacar baki da babbar nas, aka ce ta ƙarasa watan ta kama gabanta. A cikin watan nan ne ɗinki uku suka lalace. 'Yan sanda sun riga sun ɗauko ta daga gida da sassafe, kuma in maganar ta tabbata a kanta, gidan yari za ta ƙarasa tsufanta.

A bangon ɗakin jira akwai wata koriyar takarda cikin gilashi, shaidar cewa asibitin ya cika ƙa'idar tsabta da kiyaye lafiyar masu zuwa. Sa hannun da ke ƙasanta nawa ne, wata huɗu da suka wuce. Na wuce ta ban ɗaga kai ba.

*

Sista ta tarbe ni da shayi. Ita ce babbar nas ɗin, kuma ita ta koya mini riƙe allura shekara ashirin da biyu da suka wuce. Har yau in ta shigo ɗaki ƙafata ke miƙewa da kanta. Farar rigarta babu lanƙwasa ko ɗaya, hularta a tsaye cak, ko a ranar da asibitinta ke cike da 'yan sanda.

"'Yar nan, zauna. Kin rame. Ba sa barin ki ki ci abinci a ofis ɗin naku?"

"Ina ci, Sista."

Ta ɗauko littafin ta ajiye a gabana. Kowane ƙaramin asibiti yana da irinsa. In an wanke kayan ɗinki, sai a ƙunshe su a koren ƙyalle, a manna wata farar filasta mai ratsi-ratsi a kai, a sa a injin, wanda ma'aikata ke kira tukunya. In tururi ya kai zafin da zai kashe ƙwayar cuta, ratsin ya koma baƙi. Ranar da aka buɗe ƙunshin sai a ɓare filastar a manna a littafi, a rubuta sunan wanda aka yi wa aiki. Na buɗe shafin Kafinta. Ratsin baƙi ƙirin. Na mai kitso haka, na tsoho haka.

"Kin gani," in ji Sista. "Kowane ƙunshi ya shiga tukunya ya fito. To ta ina cuta ta shiga, in ba hannu aka sa daga baya ba? Wa ke jera su a kabad? Ita. An ce mata ta tafi, ta ƙullace mu."

"Me ya haɗa ku?"

"Rashin kunya. Mai wanke-wanke ta fara koya mini aikina."

Likita ya leƙo, waya a kunne. Shi ne mai asibitin, mutum mai fara'a, ya san sunan kowane yaro a layin da ciwon kakarsa. Na tambaye shi yaushe rabonsa da shiga ɗakin tukunya.

"Malama, ai wannan sashen Sista ne. Ni in na sa baki a can ma sai ta kore ni." Ya yi dariya shi kaɗai. "Amma abin nan ya taɓa ni sosai. Sosai."

Ya koma wa wayarsa. Na lura mutanen da abu ya taɓa sosai ba su cika maimaitawa ba.

Mai Gadi kuwa tun kafin in tambaye shi ya fara rantsuwa. Ya ga Mai Tsumma jiya Lahadi da la'asar, ta zo ta tsaya tana kallon tagar ɗakin, ya hana ta shiga.

"Yau da safe fa, ka bar ƙofa?"

"Ni? Ko taku ɗaya."

"To shayin da ke ƙarƙashin bencinka, tashi ya yi ya zo?"

Ya sosa ƙeya. Kullum ƙarfe bakwai yakan je bakin titi ya sayo, minti goma sha biyar ne kawai, kuma ba ya tafiya sai Sista ta iso, don ita ke riga kowa zuwa. Da ya dawo ne ta kira shi ta nuna masa kwaɗon a ƙasa.

*

A caji ofis na sami tukunyar kafin in sami matar. Sajan ɗin da ke riƙe da binciken ya sa an ɗauko ta a matsayin shaida, an ajiye a lungu, wani ya ɗora filas ɗin shayinsa a kai. Na ce ina so a buɗe cikinta a duba.

"Sai kotu ta ba da izini, Hajiya. Kayan shaida ne."

"Yaushe ke nan?"

"In an shigar da ƙara."

Wato sai an gama shafa wa tsohuwa kashin kaji sannan za a duba ko akwai dalili. Na haɗiye abin da ya zo mini baki na ce a fito mini da Mai Tsumma.

Ta zauna a bakin benci, hannuwanta a cinya, duk sun yi fari sun tsattsage saboda sabulu. Babu tsumma a kafaɗarta, sai hannunta ya riƙa zuwa wurin yana dawowa.

"Iya, me ya kai ki asibiti jiya?"

"Takalmana na roba, Malama. Na manta su a ƙarƙashin famfo. Ya ce ba zan shiga ba, na tsaya na leƙa ko zan hango su."

"An ce kin ce sai sun gani."

"Cewa na yi Allah Yana gani. A hanya ne maganar ta canza."

"Me kika faɗa wa Sista har ta kore ki?"

Ta dubi ƙofa, ta rage murya kamar Sista na bayanta.

"Cewa na yi tukunyar ta daina huci."

"Kamar yaya?"

"Malama, ni ban yi boko ba, amma shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya da tukunyar nan. In tana aiki huci take, ɗakin ya ɗauki zafi, gilashin taga ya yi gumi. A kanta nake shanya tsummokarana, kafin azahar sun bushe ƙayau. Sai Sista ta ce daga yau ita kaɗai za ta riƙa kunnawa, ni in wanke in ƙunshe in manna filasta in fita. Ta kulle ƙofa, can ta buɗe, ga kaya filasta ta yi baƙi. Amma in na taɓa tukunyar, sanyi ƙalau. Tsummana ya kwana a kai bai bushe ba."

"Tun yaushe?"

"Tun watan da 'yata ta haihu. Yaron yanzu yana zama da kansa."

Wata bakwai ke nan, ko kusa. Lissafin bai yi mini wuya ba: ni wata huɗu da suka wuce na zo.

"Kin faɗa wa Likita?"

"Na faɗa. Ya ce, Iya, ki bar wa masu ilimi aikinsu." Ta ɗago ta dube ni. "Malama, ni na wanke kayan da aka ɗinke yaron nan da su. In wankina ne bai fita ba, ki faɗa mini gaskiya, zan ɗauka."

Na ce mata ban sani ba tukuna. Gaskiya ce, amma ba dukanta ba.

*

Mai ba da magani ta ja ni bayan kantar magani washegari, tana raɗa tana waige. A ganinta Mai Gyara ne ya yi ɓarnar, wanda ke duba musu injina. Sun taɓa yin sa-in-sa da Likita, kuma wa ya san waya in ba shi ba? Na kusa fita sai ta ƙara da wata magana da ita ba ta ɗauke ta komai ba.

"Ni dai na gaji da ba da kafso. Duk wanda aka ɗinka sai ya dawo wurin ya yi ja, Sista ta rubuto a ba shi kafso. Rabin shekara ke nan muna haka. Na ce ko zaren ɗinkin ne aka canza."

Rabin shekara. Ita kuwa rigimar Mai Tsumma wata ɗaya ce.

Mai Gyara na same shi a shagonsa, kansa cikin wani tsohon firji. Ranar Lahadi da Litinin yana garin surukansa, mutum goma za su shaida, kuma ya ce in ina so ya kira surukar tasa, ita ba ta taɓa rufa masa asiri ba balle yau.

"Rabona da asibitin nan wata takwas, Hajiya. Na ce musu ƙarfen da ke tafasa ruwan ya kusa tafiya, a yi odar wani tun da wuri, don yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya iso. Sista ta ce za ta kira ni. Shiru. Na ce sun sami wanda ya fi ni."

"An datse wayar injin."

Ya fito da kansa daga firjin yana dariya.

"Waya? Ai minti biyar na haɗa ta. Wanda ke son ɓata inji ba ya tsayawa kan waya. Sai dai in so yake kada a kunna a ranar."

A ranar. Tun Asabar ofis ya bugo wa asibitin cewa zan zo Litinin. Na fito daga shagon. Na san inda sawun ya nufa, kuma ban so ba. Amma zato ba ya fitar da mutum daga caji ofis. A gefe ɗaya maganar mai wanke-wanke da tsummanta, a ɗaya gefen littafi mai shafi ɗari biyu, kowane shafi baƙin ratsi, da nas mai shekara talatin da biyar a aiki. Ko ni ce alƙali na san wanda zan gaskata.

Na tafi da littafin gida. Na juya shi gaba da baya har idona ya yi yaji. Abu ɗaya kawai na lura: filastocin farkon littafin a yamutse suke, sun ɗan kumbura kamar takardar da ta jiƙe ta bushe. Na baya-bayan nan kuwa a miƙe suke sumul, suna ɗan sheƙi. In na karkata shafin wajen haske ina ganin wasu ƙananan zagaye a jere a kan da yawansu, uku, sai fili, sai uku. Na ce ko daga kamfani suke zuwa haka.

Laraba da safe ina goge wa maigidana riga, hankalina yana can, sai na ji ƙauri. Na ɗaga dutsen guga. Ga shatinsa a bayan farar riga, ja-ja, da ƙananan zagaye a jere inda tururi ke fita.

"Ke! Rigar da zan sa ke nan!"

Ban ko dube shi ba. Na zaro sabuwar filasta daga jakar aikina, na manna a kan tawul, na danna dutsen na matsa tururi. Da na ɗaga, ratsin ya yi baƙi ƙirin, filastar ta kwanta sumul.

Na zauna a bakin gado. Maigidana ya ga fuskata ya fasa faɗan rigar, ya ce wa ya mutu. Na ce ba kowa. Ina tuna wata hula ce da ba ta taɓa lanƙwasa ba, da kuma kabad ɗin da ke bayan kujerar Sista, inda tun muna ɗalibai take ajiye dutsen gugarta.

*

Alhamis da hantsi na tara su a ɗakin jira, aka rufe ƙofa. Likita da Sista a kujerun gaba, Mai Magani da Mai Gadi a baya, Mai Gyara a tsaye jikin bango. Sajan ya kawo Mai Tsumma. Matar Kafinta ma ta zo, ba ni na kira ta ba, ta zauna nesa da tsohuwar tana watsa mata harara.

Na shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur na manna sabuwar filasta. Na buɗe littafin a shafin Kafinta na ajiye kusa.

"Baba Mai Gadi, shiga ofishin Sista. A kabad ɗin baya akwai dutsen guga, ka ɗauko mini."

Ya dubi Sista. Ba ta dube shi ba, ni take kallo. Ya je ya ɗauko.

Na zuba ruwa, na jona, muka jira. Dutsen ya fara ɗan tsartuwa. Likita ya ce, "Malama, wai me ake yi ne? Akwai marasa lafiya a waje." Na ce ya yi haƙuri, sun saba jira.

Na danna, na ƙirga goma, na ɗaga. Ratsin ya yi baƙi. Na karkata ƙyallen wajen taga na kira Sajan.

"Me ka gani?"

"Zagaye uku, sai fili, sai uku."

"Duba na littafin."

Ya duba, ya sake dubawa. Na juya dutsen na nuna musu ƙasansa: huda bakwai a jere, ta tsakiya ta toshe da tsatsa.

"Wannan filastar ba ta taɓa shiga tukunya ba," na ce. "Ita da duk na wata bakwai da suka wuce. Goge su aka yi."

Mai Magani ta yi salati. Matar Kafinta ta miƙe tsaye ta sake zama. Sista ta gyara zaman hularta, muryarta ba ta ko girgiza ba.

"Kin iya aiki. Ni na koya miki duba abu sau biyu."

"Sista, don me?"

"Tukunya ta mutu ranar wata Talata. Dokarku ta ce in ta tsaya a rufe ɗakin ɗinki har a gyara, a sauke takardar bango. Wata uku. Ina mutanen layin nan za su kai yaro in ya fasa kai? Shekara goma sha tara takardar nan ba ta sauka ba, sai a shekarar da zan ajiye aiki?" Ta ɗaga hannuwanta. "Da waɗannan nake jiƙa kowane almakashi a ruwan magani, rabin awa cur. Haka muka yi aiki kafin a san wata tukunya."

"Wata uku kika ce. An yi bakwai."

"In na kira Mai Gyara, ya buɗe ya ga tun yaushe ta mutu. Kowane mako sai in ce mako mai zuwa."

"Likita ya sani?"

"Na faɗa masa ranar da ta mutu. Ya ce, Sista, ki san dabarar da za ki yi, kada in ji an rufe mini ɗaki."

Likita ya zabura. "Ni ban ce guga ba! Wallahi ban ce guga ba. Akwai inda na rubuta? A nuna mini inda na rubuta."

Sajan ya tambayi Sista batun kwaɗo da waya, ta ce ita ce, da almakashin yanka bandeji da guduma, lokacin da Mai Gadi ya tafi sayen shayi. Ta san wannan zuwan sai na ce a kunna.

Sai Mai Tsumma ta yi magana, a hankali, ba ta ma ɗaga kai ba.

"Sista, ni na yi jinyar mahaifiyarki wata biyu. Duk asibitin nan ni kika ga ya dace?"

"Ke kika yi ta tambaya," in ji Sista.

Raina ya ɓaci. Na ce mata mutum ya rasa hannunsa, tsohuwa ta kwana uku a kan siminti, ita kuma hularta take gyarawa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta bar ni na gama, sannan ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni.

"'Yar nan, wata huɗu da suka wuce kin shigo ɗakin nan. Tukunyar tana gabanki a mace, har kika ɗora jakarki a kanta. Takardar aikinki ta ce ki sa a kunna ki gani da idonki, ko ba haka ta ce ba? Ranar na shirya. Na ce in ta ce kunna, zan faɗa mata gaskiya in huta. Sai kika sha shayi, kika duba littafi, kika ce, haba Sista, ai ke ba a bincikarki."

Haka na ce. Har da dariya na faɗa. Kunya ce ta hana ni in ce wa wadda ta koya mini aiki ta kunna inji in gani, kamar ban yarda da ita ba. Duk ɗakin suka juyo suna kallona, ni kuma na cire wayar dutsen gugar daga bango.

*

An saki Mai Tsumma a ranar. Babu wanda ya je ba ta haƙuri, har mai facin da matarsa ta ji a bakin wadda ta ji. Ni na kai mata takalmanta na roba. Ta karɓa ta yi godiya, ta tambaye ni ko na san inda ake neman mai wanke-wanke, don duk inda ta je sai a ce ai ita ce ta asibitin nan.

An karɓe lasisin Sista, maganarta tana kotu. Likita takardar gargaɗi aka ba shi, tunda ba a sami inda ya rubuta ba. An rufe ɗakin ɗinki an sauke koriyar takarda, kuma yanzu in na bi ta layin ba mai amsa gaisuwata, wai na zo na kashe musu asibiti. A rahotona na rubuta abin da na yi da abin da ban yi ba wata huɗu da suka wuce. Ogana a ofis ya karanta ya ce wannan sakin layin zai ɓata sunan hukuma, ya soke shi da jan biro, ya ce in je in huta, na yi ƙoƙari.

Saura bayanin Kafinta, shi na bari ƙarshe don ba na son zuwa. Na same shi zaune a gadon babban asibiti yana koyon riƙe cokali da hagu, rabin abincin a kan zanen gado. Matarsa ta riga ta ba shi labarin dutsen guga. Ban san ko ta ba shi sauran ba.

Ya amsa tambayoyina ba gardama. Da muka gama na miƙa masa takarda, sai muka tsaya muna kallonta ni da shi. Na ɗauko tawada ya dangwala babban yatsan hagu.

"Malama, in tambaye ki mana."

"Ina ji."

"Kin san akwai wani asibitin kusa da shagona? Taku kaɗan ne. Ranar da zarton ya kama ni ta gabansa na wuce, hannuna a naɗe da riga, jini na zuba. Abokan aikina suna cewa mu shiga nan, na ce a'a, wannan ba shi da koriyar takarda. Ni ba na wasa da irin wannan. Ko katako ba na saye sai na ga hatimi." Ya gyara dungulmin a kan matashi. "Wai wa ke sa hannu a takardar nan? Mutum ne yake zuwa ya duba, ko daga ofis kawai ake aikowa?"

Da zan iya cewa hukuma ce, kuma ba ƙarya na yi ba. Oga ma ya riga ya share mini hanya.

"Mutum ne yake zuwa," na ce. "Ni ce."

Bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Kallon hannuna na dama ya yi, wanda ke riƙe da biro, ya daɗe yana kallo.

"Da wannan?"

"Da shi."

Ya gyaɗa kai.

"Allah Ya bar miki shi," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Na tsaya a gefen gadon da biro a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.